Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗakin Inna

Makon jiya na tsaya a inda aka dawo da ni cikin garin Bauchi, aka haɗa ni da ayarin duba-gari masu zagaya unguwannin cikin ganuwa. Farkon 2018 ne, ana tsakiyar hunturu, kuma a shekarar ce zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari a Najeriya fiye da yadda aka saba gani. Ni kaɗai ce mace a ayarin, don haka nauyi ya taru a kaina. Gidajen cikin gari galibinsu ba a shiga. Abokan aikina maza iyakarsu zaure, su duba kwata da juji, su yi magana da maigida. Tsakar gida, madafi, banɗaki da ɗakin kwana kuwa, ni ake turawa.

Shiga gidan mutane bai dame ni ba kamar rubuta rahoto. Idan na rubuta "gidan da datti", me na faɗa? Gida uku za a ce suna da datti, amma ɗaya tsintsiya kawai yake nema, ɗaya takardar gargaɗi da wa'adi, na ukun kuwa mai ɗakin ce take buƙatar asibiti. Wanda bai iya bambance su ba zai kai matar da talauci ya hana ta siminta tsakar gida gaban kotun tafi-da-gidanka a ci ta tara, sannan ya wuce ɗakin da rai yake cikin haɗari bai ko ɗaga labule ba.

Shugaban ayarinmu dattijo ne da ke dab da ritaya. Ya fara aiki zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, tsakanin 1984 da 1985, lokacin da aka soma sharar ƙarshen wata. Baba muke ce masa. Da na kai masa kukana sai ya ce, "'Yata, ki daina ƙirga kaya. Ki duba ko ɗakin yana aikin da aka gina shi dominsa. Gadon ana kwana a kai? Murhun ana girki? Banɗakin yana shiguwa? In gobara ta tashi da dare, mai ɗakin za ta iya fita a guje? Sai ki dawo ki faɗa mini."

Wannan shi ne ma'aunina na farko, kuma har yau ban sami abin da ya rushe shi ba.

Na biyun wata ƙawata ce ta kawo mini, ma'aikaciyar jinya a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ta nuna mini a wayarta wasu hotuna da masana a Amurka, Randy Frost da Gail Steketee da abokan aikinsu, suka fitar a 2008. Ɗaki uku ne: falo, kicin da ɗakin kwana. Kowanne an ɗauke shi hoto tara, daga na ɗaya mai tsaf-tsaf har na tara da kaya suka kusa taɓa silin. Mutum zai zaɓi hoton da ya fi kama da ɗakinsa, in ya kai na huɗu ko ya haura, to ana ganin yana buƙatar taimako. Ta kuma nuna mini wani ma'aunin da likitoci biyu a Sidni ta Ostiraliya, Graeme Halliday da John Snowdon, suka wallafa a 2009. Shi kuma abu goma ake dubawa, kowanne a ba shi maki daga 0 zuwa 3, jimla 30. A ciki akwai hanyar wucewa, tarin shara, tarin kayan da ba su da amfani, daɓe, bango, banɗaki, madafi da abinci, wari, ɓeraye da ƙwari, da wurin kwana. Abin da ya haura maki 12 ya shiga sahun ƙazantar da ba a yi mata shiru.

Hotunan nan na Amurka sun burge ni, amma da na riƙa su a zuciya ina shiga ɗakunan matanmu, sai na ga ba za a ɗauke su yadda suke ba. Ɗakin goggona kaɗai ya isa misali. Kabet biyu cike da kwalla da samira da langa, jere tun daga ƙasa har sama, akwatuna a kan juna, ƙarƙashin gado babu masakar tsinke. Baƙon da bai san jere ba zai ba ta hoto na biyar. Alhali kowace tasa a goge take, ta san mazaunin kowace, kuma in biki ya tashi a dangi daga nan ake ɗiba. Haka manomin da ya jibge buhunan masara da wake a ɗaki bayan kaka, ba lalura ce ta sa shi ba, tsoron ɓarawo ne da rashin sito. Illa dai shi wannan akwai magana a kansa, domin hatsi a ɗakin kwana gayyatar ɓera ne. Na Ostiraliyan ya fi yi mini amfani, saboda ya raba abu biyu da muke yawan cakuɗawa: yawan tarkace daban, ƙazanta daban. Akwai ɗaki cike maƙil amma tas. Akwai kuma wanda tabarma ɗaya ce a ciki, amma zarni ba ya barin ka tsaya.

A cikin wannan hali ne wani mai unguwa ya aiko mana. Maƙwabta sun kai ƙara kan wari da ɓeraye da ke fitowa daga wani tsohon gida na ƙasa. Muka same shi a ƙofar gidansa, Baba ya gaishe shi, ni ma na durƙusa. "Ranka ya daɗe, wa ke cikin gidan?" Ya ce tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya tilo shi ma ya rasu shekarun baya. Ɗan ƙanin mijinta ne ke zaune da iyalinsa a sashen gaba, ita tana ɗakin ƙurya.

Sashen gaba a share yake, randa a rufe, turken awaki ba laifi. Matar gidan ta tare ni da fara'a, amma da na nufi ƙurya sai ta ce, "Ai Inna ba ta barin kowa ya shiga." Na ce zan gwada. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, na gaishe ta da sanyi, na tambayi ƙafa. Can daga ciki ta ce, "Wace ce?" Na ce, "Inna, 'yarki ce, daga wajen masu kula da lafiya." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Shigo, 'yar nan, amma kada ki taɓa mini komai."

Ƙyauren bai buɗe duka ba, wani abu ya tokare shi ta baya. Sai da na karkace na shiga. Wannan kaɗai ya amsa tambayar Baba ta gobara. Da idona ya saba da duhun, sai na ga wata siririyar hanya, faɗinta bai wuce tafin ƙafa biyu ba, daga ƙofa zuwa inda take zaune. Hagu da dama kaya ne har ƙugu, wani wurin har kafaɗa: ledojin fiya wata a ɗaure dami-dami, gwangwanayen madara da na tumatir, robobi, tsummokara, tsofaffin takalma, kwalaye, buhunan da ba a san abin da ke ciki ba. Taga ɗaya ce, ita ma kaya sun toshe ta. Gadon ƙarfe yana nan, amma an daɗe ba a kwana a kansa ba, shi ma ya zama ma'aji. Inna a kan wata guntuwar tabarma take kwana a ƙasa, kusa da kurfotin da take jin ɗumi da shi, kuma tsakanin garwashin da damin leda bai fi taki ɗaya ba.

Da a ce nan abin ya tsaya, da na ce tarkace ne mai tsanani, a fara da maganar wuta. Amma hancina ya riga ya gaya mini akwai ƙari. Kwanukan tuwo ne a jere a gefen tabarma, wasu na jiya, wasu sun yi funfuna, ɗaya har da tsutsa. Fo yana bayan ƙyaure ba a zubar ba, shi ne abin da ya tokare ƙofar. Na haska fitilar wayata a gindin bango, na ga kashin ɓera ya yi layi, har cikin wata buɗaɗɗiyar ƙwarya mai garin dawa. A nan gabana ya faɗi. Ɓeran da ke ɗauke da Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ta fitsarinsa da kashinsa yake zuba ta a abinci da kayan gida. Ga shi a cikin garin da Inna ke damawa ta sha.

A zuciyata na bi abubuwa goman nan ɗaya bayan ɗaya. Ina kaiwa rabi na haura 12.

Sai dai ɗaki rabin aikin ne, saura mai ɗakin. Na zauna a kan dugadugaina muka yi hira. Na lura tana laluben kofi da hannu, yanar ido ta rufe mata gani. Gwiwoyinta sun kumbura, zuwa banɗakin da ke can ƙarshen gida ya zame mata tafiya. Ta tambaye ni sunan mahaifina, na faɗa, bayan ɗan lokaci ta sake tambaya. Duk da haka da na kai hannu kusa da wani buhu, nan take ta ce, "Bar shi, kayan yarona ne." Na tambaye ta ledojin fa? Ta ce za su yi amfani wata rana. Muryarta har rawa take.

Ƙawata ta taɓa yi mini bayanin wannan. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sanya tara kaya a matsayin lalura mai zaman kanta a littafinsu na 2013, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya ta a kundinta da ya fara aiki a 2022. Alamarta ita ce mutum ya kasa rabuwa da abu ko da ba shi da daraja, rabuwar ta zame masa azaba, har kayan su hana ɗaki aikinsa. Ƙazanta irin ta ɗakin Inna kuwa, a wurin tsofaffi sau da yawa tana tafe da ruɗewar tsufa, ko ciwon da ya hana jiki motsi. Ni ba likita ba ce, ba ni zan sa wa ciwonta suna ba. Aikina in rubuta abin da na gani dalla-dalla yadda likita zai karanta ya san inda zai fara.

Da na fito, na tarar maigidan ya dawo, suna zaure da Baba. Kunya ta kama shi, kunyar kuma ta juye ta zama fushi. "Malama, wallahi mun yi iya yinmu. Abinci ba ya yanke mata. Gobe zan kira 'yan bola jari su kwashe na kwashewa, sauran a cinna masa wuta. Tsafta ai cikon addini ce."

Ban ga laifinsa ba, amma ban yarda ba. Na ce, "Alhaji, in aka kwashe ɗakin nan rana ɗaya tana kuka, za ta daina buɗe wa kowa ƙofa, har mai kawo mata abinci, kuma kafin damina ɗakin ya sake cika. Sannan yaran da za ka sa su yi shara a bushe, ƙurar kashin ɓeran nan za su shaƙa." Na lissafa masa abin da ba zai kwana ba: a fitar da fo da ruɓaɓɓen abinci, a zubar da garin nan, a raba kurfoti da leda, a buɗe bayan ƙyaure da taga. Duk wanda zai taɓa wani abu ya sa safar hannu da takunkumi, a yayyafa ruwan kulorin kafin a share. Abincinta ya koma cikin roba mai murfi. Gadon a sauke kayan kansa a hankali, tana gani, da izininta. Buhun ɗanta kuwa kada wanda ya taɓa. Sannan a kai ta a duba idonta da gwiwarta da mantuwar nan.

Baba ya saurara har na gama, ya ce wa maigidan, "Takardar gargaɗi za mu ba ka, ba sammaci ba. Abin da ta faɗa shi za a rubuta a ciki."

Na koma ciki don in lallashi Inna kan kwanukan. Ta yarda da na tsutsar da ƙyar, sauran ta ce a bar wa 'yar jikarta, ai tare suke ci. Na juya na tambayi matar gidan wace jika. Ta ce 'yarta ce 'yar shekara tara, ita kaɗai Inna ke bari ta shiga, ita ke kai mata tuwo, wani lokacin ma can take kwana.

"Tana ina yanzu?"

"Tana ɗaki kwance. Zazzaɓi take tun wancan makon. Mun ba ta maganin maleriya har ya ƙare, bai sauka ba. Jiya kuma ta fara kukan maƙogwaro."

Na ce kada kowa ya ƙara taɓa kwanonta ko kayan shimfiɗarta da hannu tsirara. Na fita zaure na gaya wa Baba a kunne, shi kuma ya ciro waya ya kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Yadda muka kai yarinyar asibiti a daren, da abin da gwajin jininta ya nuna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.