Daga Buruksel: kafin ka miƙa makullin motarka

Ƴan uwana na Tawa da na Yamai, assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da yayye, Allah ya ƙara lafiya, yara kuma Allah ya raya mana su. Mu nan lafiya lau, sai sanyi.

Tun da labari ya isa gida cewa na sayar da motata a nan, saƙo bai yanke ba. Wannan ya ce, Kawu, nawa tawa za ta yi in na sa ta kasuwa? Wancan ya ce, Yaya, in ba dillali ko in sa hotonta a Facebook? Wata Hajiya tamu kuwa abin da ya dame ta baƙin fuskoki ne da za su riƙa sallama a ƙofar gida da sunan ganin mota. Akwai masu tambayar babur, akwai masu son jin yadda ake ɗora mota a jirgin ruwa daga tashar Anbers ta nan Beljik. Na ga gara in tara ku in amsa gaba ɗaya.

Bari in fara da yadda ake yi a nan Beljik, don har yau abin yana ba ni mamaki. Kafin ka sayar wa wani mota ya yi mata rajista da sunansa, sai ka kai ta wurin binciken lafiyar motoci, bincike na musamman na motar da za a sayar. Ni da asuba na tafi, cikin hunturu, gari bai waye ba ga wani yayyafi mai shiga ƙashi. Layin motoci har bakin titi, kowa ya ƙudundune cikin tasa. Da aka zo kaina, ma'aikacin ya hau da ita kan wasu ƙarafa masu juyawa ya taka birki, allo yana nuna ƙarfin kowace ƙafa. Ya soka wata na'ura a bututun hayaƙi. Sannan ya shiga rami ƙarƙashinta da fitila a hannu, wasu faranti suna girgiza ƙafafun gaba, shi kuwa yana bin kowane ƙarfe da haske, yana neman tsatsa da inda mai ke ɗiga. Bai tambaye ni ko ni ɗan wane ne ba, ni ma ban ce a duba zumunci ba. Abin da ya gani shi ya rubuta.

A nan ne kuma ake ba ka wata takarda mai suna Car-Pass. Tun 2006 ake aiki da ita. Duk garejin da ya taɓa motar, ko taya kawai ya canza mata, sai ya aika da adadin kilomitan da ya gani a agogonta zuwa ma'ajiya guda. Ranar sayarwa sai a buga maka tarihin duka, kwanan wata da kilomita, layi bayan layi. In wani ya taɓa mayar da agogo baya, ga shi nan ƙiri-ƙiri, lamba ta sauka maimakon ta hau. Takardar ba za ta wuce wata 2 da bugawa ba, kuma in ka sayar wa mutum mota ba ka ba shi ita ba, yana da ikon zuwa kotu a warware cinikin. Katin motar kansa, wato kart giris, tun 2013 gida biyu ne: ɗaya yana cikin mota, ɗaya yana ajiye a ɗaka, don in ɓarawo ya ɗauke motar kada ya samu cikakkiyar takarda. Mai saye sai ya karɓi duka biyun.

Abin da ya fi burge ni shi ne lamba. A Beljik lambar mota ta mutum ce, ba ta bin mota. Ranar da muka gama ciniki na durƙusa da sukurdireba, yatsu sun ƙage don sanyi, na kwance lambata gaba da baya na sa a jaka. Mai saye sai ya nemo tasa da asirans nasa kafin ya hau titi. Ni kuwa in ban ɗora lambar kan wata mota cikin wata 4 ba, dole in mayar wa hukumar rajista a soke ta. Daga lokacin da na kwance ta, duk abin da motar nan ta yi a duniya ba ruwana. A Faransa, nan maƙwabta, lamba tana bin mota kamar yadda take a gida, amma sun toshe ƙofar ta wata hanya: mai sayarwa yana ja wa kart giris layi, ya rubuta an sayar, da kwanan wata har da ƙarfe nawa, ya sa hannu, sannan ya sanar da hukuma cikin kwana 15. Mai saye kuma wata guda gare shi ya mayar da katin sunansa.

Na daɗe a kan wannan ne don nan ciwonmu yake. A gida, in an ce "na sallama", aka tafa, aka yi fatiha, sai a miƙa makulli da kart giris, kowa ya kama gabansa. Motar ta bar Tawa ta tafi Ƙonni, daga can wani ya saya ya kai Agadas, ta shiga hannu na uku da na huɗu, kati yana nan da sunanka. Ranar da ta kaɗe yaro direba ya gudu, ko aka tare ta da kayan da doka ta hana, sunan da jandarma zai karanta naka ne. A halin tsaron da ake ciki, musamman ga masu Hilux da Land Cruiser, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Za ka iya wanke kanka daga baya, amma da me, in babu takarda? Kuma kwana nawa za ka yi kana safa da marwa kafin a saurare ka?

To ga abin da nake roƙonku. Ku rubuta takardar ciniki, ko da wanda ya saya ɗan ɗakinku ne. A sa cikakken sunan mai sayarwa da mai saye da lambar katin ɗan ƙasa na kowa, irin motar, lambarta, lambar sasi da aka duba a jikin ƙarfe aka gwada da ta kati, kuɗin da aka biya, kwanan wata da sa'a. Shaidu biyu su sa hannu. A kai a buga mata hatimin hukuma, kowa ya riƙe tasa, kai kuma ka haɗa da hoton katin mai saye ka adana inda kake ajiye takardar fili. Bayan haka kada ka tsaya ga "zan je in canza suna in na samu sarari". Ku sa rana tun a wurin ciniki, ku tafi tare, ka ga an karɓi takardun da idonka. Ka kuma leƙa kamfanin asirans ka shaida musu mota ta bar hannunka.

Na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Yaya za ka ce wa Alhaji, abokin mahaifinka, ya kawo katinsa a ɗauki hoto? Sai ka ga kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Amma ku tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta aka ce a kafa shaidu in an yi ciniki. Wanda ya nemi a rubuta bai ci mutuncin kowa ba. Ka faɗa da ladabi: "Baba, don halin rai ne, kada yara su zo su yi gardama bayanmu." Ban ga dattijon kirki da zai ƙi wannan ba. In kuwa mutum ya fusata don an ce a rubuta, to ka riƙe makullinka tukuna.

Maganar kuɗin da za a sa wa mota ba zan ja ta ba, kun fi ni sanin kasuwar yau. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 hanyar motocin da ake shigowa da su ta Kwatano ta canza, farashi ma ya motsa, ni kuwa daga nan ba zan yanka muku ba. Ka zaga wurin masu sayarwa ka taya irin taka, shekara ɗaya da inji ɗaya, ka ji inda suke cewa albarka. Ka tsayar da ƙarshen abin da za ka karɓa a zuciyarka kafin mutum na farko ya zo. Ka wanke ta, ka tara takardunta wuri guda, ta duwan, binyet ta haraji, bizit ta binciken lafiyar mota, asirans, da rasiɗan gyara in kana ajiyewa. Mota mai cikakkun takardu ba a yi mata tayin wulaƙanci.

Dillali ba abokin gaba ba ne, sana'arsa ce, kuma na kirki yana rage maka wahala. Sai dai a yanke la'adarsa tun farko, a gaban wani, a kuma san wa zai biya. Ka nemi ka ga mai saye ido da ido ku faɗi kuɗin da bakinku, don kada a ce maka miliyan 3 a ce masa miliyan 3 da rabi. Kada mota ta kwana wurin dillali da kart giris na asali a ciki. Hoton kati ya ishe shi nunawa.

In kuma da kanka za ka tallata a WhatsApp ko Facebook, ka ɗauki hoton nesa da ƙofar gidanka, ka rufe lambar. Duk wanda ya ce ka turo masa hoton kart giris ko na katinka kafin ya ga mota, ka ce ya zo ya gani. Da irin waɗannan hotuna ake tallata motar mutum a wani wuri a karɓi kafin alƙalami da sunansa, shi bai sani ba. Hajiya, ga amsarki: kada ki ba kowa kwatancen gida. A haɗu da rana tsaka a gidan mai ko kusa da komisariya, ki tafi da ƙane ko ɗa babba, ko ki wakilta shi ke ki zo ranar sa hannu. Maza ma haka, kada ka je kai kaɗai, kuma ban da bayan magariba.

Gwaji haƙƙin mai saye ne. Ka ga permi nasa tukuna, ka shiga ka zauna kusa da shi, naka mutum yana baya. Kai za ka zaɓi hanya, cikin gari. Wanda ya ce sai an fita hanyar Abalak ko ta Filinge don a ji ƙarfin inji, ka ce masa a'a. In za ku canza wuri, ka kashe mota ka zare makulli ka fita da shi a hannu, sai kun zauna ka miƙa. In ya ce makanikensa zai duba, madalla, ku tafi garejin tare, ka tsaya a kai har a rufe bone. Motar da aka bari a garejin da ba ka sani ba, ba ka da tabbacin batir da ka kai shi za ka dawo da shi.

Kuɗi kuwa, a banki. Babbar takardarmu jika goma ce, miliyan 3 takarda 300 ke nan. Wa zai tsaya a gindin bishiya ya duba 300 ɗaya bayan ɗaya, ana yi masa hira ana gaggauta shi? Jabu a tsakiyar ɗauri ake cusa su. Ku shiga banki tare, a ƙirga da na'ura, a zuba a asusunka, ka karɓi rasiɗi, sannan makulli ya fita daga aljihunka. Hakan ya kuma raba ka da tafiya gida da jakar kuɗi alhali rabin unguwa ta san ka sayar da mota. Saƙon waya mai cewa kuɗi sun shigo, ko hoton rasiɗi da aka turo maka, kowa na iya ƙera shi. Ka duba asusunka da kanka, ko ka je ofishin masu aika kuɗin ka karɓa a hannu. Cak kuma sai banki ya tabbatar kuɗin sun zauna. Nan Turai ma da cak na jabu ake raba mutane da motocinsu, an fi kawo shi ranar Juma'a da yamma ko Asabar, lokacin da ba bankin da za ka kira.

Sai bashi. "Ga rabi, sauran bayan an sayar da albasa." Ra'ayina, in kana da hali ka rage kuɗin ka karɓa lakadan, ya fi maka. In ka riƙe kati da sunanka a matsayin jingina, alhakin mota yana wuyanka. In ka sake shi, ba ka da abin riƙo. In dai ba makawa, a rubuta sauran nawa ne, ranar biya, da wanda ya tsaya masa, shi ma ya sa hannu.

Akwai kuma abin da ke kanmu mu masu sayarwa. A nan na'ura ce ke tona aibin mota. A gida ba Car-Pass, sai bakinka. In tana shan mai, in inji na zafi a doguwar tafiya, in ta taɓa hatsari aka buga aka yi fenti, in kilim sai an ƙara masa iska duk wata, ka faɗa, a kuma rubuta cikin takardar ciniki. Wanda ya saya wataƙila iyalinsa zai ɗauka daga Yamai zuwa Tawa, tafiyar da ta haura kilomita 500, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, cikin zafin watan Afrilu. Birkin da ka ɓoye aibinsa a kan wannan hanya zai nuna kansa. Hadisi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Aibin da aka rubuta kuma, ba mai dawo maka da mota bayan wata biyu ya ce ka cuce shi.

Masu tambayar babur, duk abin da na faɗa ya hau kansa, har ya fi, don babur ya fi saurin sauya hannu. Maganar jirgin ruwa da unguwar Heyvaert, inda ake tara motocin da ke gangarowa Afirka ta Yamma, tana buƙatar wasiƙarta daban. Abu guda kawai: in motar da ka saya daga Beljik ta fito, ka laluba aljihun gaba, wani lokaci ana mance tsofaffin takardun bincike a ciki, da kilomitan da aka rubuta. Ka gwada da abin da agogo ke nunawa.

Waɗanda kuma suka riga suka sayar, bara ko shekarun baya, ba tare da an canza suna ba, ku nemi mutumin tun lambar wayarsa tana shiga. In mota tana hannunsa, ku rubuta takardar yanzu ku je a canza. In ya sayar wa wani, ya rubuta maka cewa ya saya daga gare ka a rana kaza, ya sa hannu gaban shaidun da suka halarci cinikin, a buga hatimi, ka kai kwafi ɗaya komisariya ka tambayi yadda za a shigar da shi.

A gaida mutanen gida duka.

Naku, ɗan uwanku a Buruksel.