Yadda muke tsefe dokar ceton banki kafin mu ce a yarda ko a ƙi

Na daɗe ina zama da wakilan malaman makaranta da na ma'aikatan lafiya a nan Damagaram muna karanta dokar kasafin kuɗi layi-layi. Darasin da ya fi tada ƙura shi ne na ceton bankuna lokacin da tattalin arziki ya durƙushe. Da an taɓo shi sai wata ta ce: "Malam, yaya za a zuba wa banki kuɗi alhali malamin kwantaragi na jiran haƙƙinsa?" Tambayar tana kan hanya, ita ce kuma aka yi ta jifan ministoci da ita a majalisun Amurka da Ayilan da Saifurus. Amma wanda ya tsaya a kanta kaɗai zai sha kaye, don amsar minista a shirye take: albashin ma ta bankin yake bi, in ya rufe kowa ya shiga uku.

Da allo nake farawa. Mu ƙaddara banki yana riƙe da ajiyar jama'a miliyar 80, ya ranto 10 daga manyan masu ba da rance, masu shi sun zuba jari 10. Ya ba da bashin 100 ɗin nan, sai 15 suka maƙale. Jarin masu banki ya cinye 10, saura giɓin 5. Duk hayaniyar majalisa a kan biyar ɗin nan take: wa zai ɗauke su? Tsarin adalci shi ne masu hannun jari su fara rasa nasu, sai waɗanda suka ranta wa bankin don neman riba, sai manyan masu ajiya, baitulmali ya zo ƙarshe. In daftarin doka ya tsallake na biyu ya dira kan baitulmali, to masu rancen ake ceto, ana fakewa da sunan ƙaramin mai ajiya.

Sai a bambance ciwon. Akwai bankin da dukiyarsa ke nan lafiya, tsabar kuɗi ce ta yanke masa. Irin wannan muka gani bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a 2023, da layi ya yi tsawo a ƙofar bankuna aka kuma ƙayyade abin da mutum zai cira. Maganinsa rance na ɗan lokaci daga babban banki, a kan jingina. Akwai kuma wanda ya karye, kamar BDRN, bankin raya ƙasa na Nijar, da aka rushe a 1990 bayan basussuka sun maƙale mata. Gwamnatoci sun fi son kiran ciwo na biyu da sunan na farko, saboda ya fi sauƙin wucewa a zaure.

Kuskuren da na yi a farkon wannan aiki shi ne tara lambobin da ke cikin jadawalin kashe kuɗi kawai. In ban ga layin ceton banki ba sai in ce babu. Ashe abu mafi nauyi ba ya zama a jadawali, yana cikin ayoyin dokar, inda aka ce gwamnati ta tsaya wa wane lamuni. Ranar da aka kaɗa ƙuri'a, lamuni ko dala ba ya ci. Ayilan ce ta koya wa duniya wannan. A daren 29 ga Satumba 2008 gwamnatinta ta ɗauki lamunin ajiya da basussukan bankuna shida, kimanin yuro miliyar 400, wato ninki biyu na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, majalisa kuma ta amince cikin ƴan kwanaki. Da asarar bankunan ta fito fili, musamman ta Anglo Irish, sai da aka zuba musu kusan miliyar 64. Bashin ƙasa da bai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara ba a 2007 ya doshi 120 a 2012, kuma a Nuwamba 2010 ƙasar ta shiga shirin agajin miliyar 85 na Tarayyar Turai da asusun FMI.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne kasafin da aka kawo makonni biyu bayan lamunin. A ciki aka nemi janye katin jinya kyauta da ake bai wa duk wanda ya haura shekara 70, don a tsimi kusan miliyan 100. Tsofaffi suka yi dafifi a ƙofar majalisa, gwamnati ta ja da baya. An fi daɗewa ana cacar baki kan miliyan 100 da ake gani fiye da miliyar 400 da ba a gani. Tun daga nan, kafin in buɗe jadawali sai na nemo kowace aya mai kalmar lamuni, in rubuta adadi da wa'adi da sunan wanda aka tsaya wa.

Ƙin amincewa a zagayen farko yakan yi amfani. Sakataren kuɗin Amurka, Henry Paulson, takarda mai shafi uku ya kai yana neman dalar Amurka miliyar 700. Majalisar wakilai ta yi watsi da shirin ranar 29 ga Satumba 2008 da ƙuri'a 228 a kan 205, ta amince da shi ranar 3 ga Oktoba. Dokar da ta fito ta raba kuɗin kashi-kashi: 250 nan take, 100 in shugaban ƙasa ya nema, sauran 350 majalisa na da damar hanawa, ga kuma sufeto na musamman. A Saifurus, a Maris 2013, an so a yanki kashi 6.75 daga ajiyar da ba ta kai yuro 100,000 ba. Ko ɗan majalisa ɗaya bai goyi baya ba, aka koma aka ɗora nauyin kan manyan masu ajiya. A maƙwabciyarmu Najeriya, da gwamnan babban banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya zuba naira miliyar 420 a bankuna biyar a Agusta 2009, ya kori shugabanninsu a rana guda, duk da haka wasu ƴan majalisa sun tambayi hurumin fitar da kuɗin ba tare da su ba.

Mu namu hannun ya fi ɗaurewa. Babban bankinmu BCEAO na ƙasashe takwas ne, ba ya buga wa gwamnati kuɗi. Duk abin da za a ba banki daga haraji zai fito ko daga sayar da takardun bashi a kasuwar yankin, masu sayen takardun kuwa galibi bankunan ne da kansu. Akwai asusun lamunin ajiya na yankin, mai biyan kowane mai ajiya a banki har sefa miliyan 1 da jika 400, a ƙananan asusun bashi kuma jika 300. Wannan lamba ce nake so kowane wakili ya haddace: mai ɗan abin da bai kai haka ba asusun ya tsaya masa tun farko, bai kamata a yi barazana da sunansa ba.

Yankan kuɗin makaranta da asibiti kuwa ba kasafai ake kawo shi ƙuri'a ba. Abin da majalisa ta amince da shi iyaka ce ta sama, ma'aikatar kuɗi ke sakin sa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ya shigo. Albashi da biyan bashi ke gaba. Abin da ake matsewa shi ne alli, tebur, man motar ɗaukar marasa lafiya, da kuɗin da ake mayar wa asibitoci na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar, wadda aka mayar kyauta tun 2006. Mai kula da magani ya aika takardun biya, wata da watanni shiru, kantar magani ta bushe, uwa ta fito da takarda a hannu ta nufi kasuwa. A littafin kasafi kuwa layin na nan cif. Shi ya sa muke jera takarda uku gefe da gefe: abin da aka amince, abin da aka saki, abin da aka biya. A kan tazarar ta biyu da ta uku muke gina ƙorafi.

Daga wannan tazara ce ma ciwon banki kan taso. Ɗan kwangila ya ranci kuɗi ya gina aji shida a ƙauye, baitulmali bai biya shi ba, shi ma ya kasa biyan banki, bashinsa ya shiga cikin 15 ɗin da muka rubuta a allo. A irin wannan hali nakan ba da shawarar a fara biyan ƴan kwangilar da aka tantance aikinsu, da sharaɗin kuɗin su bi ta asusun da suka ci bashi. Kuɗi ɗaya ya sauke nauyi biyu.

Tun da aka rusa majalisar dokoki a 2023, kasafi da umarnin doka yake fitowa. A Oktoban shekarar aka zaftare kashi 40 cikin 100, daga sefa miliyar 3,291 zuwa 1,981. Babu zaɓaɓɓen zauren da za a yi gardama a kansa, amma takardun uku suna nan, kuma su muke nema a duk ƙarshen wata uku.