Abin da aikin kankare ya koya min, da abin da har yau bai bar raina ba

Satin nan na karɓi takardar kammala horo, kuma tunda ƙannenmu da za su shigo sabon zubi suna ta tambayata wai yaya sashen kankare yake, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ba zan tsaya ina koya muku ɗaukar kwano ko tura baro ba, wannan kafaɗarku ce za ta koya muku tun ranar farko.

A aji komai a tsare yake, kuma tsakani da Allah malamanmu sun yi ƙoƙari. Kwaɓin dekin da fila 1:2:4 ne, wato siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu, buhun siminti mai kilo 50 kusan kwano biyu ne, ke nan buhu ɗaya yashi kwano huɗu tsakuwa kwano takwas. Na shimfiɗar ƙasan fandisho 1:3:6. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, simintin ne ke shan ruwa a hankali yana ɗaurewa, shi ya sa ake ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Duk mun haddace, mun rubuta a jarabawa, mun ci. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne me ɗan koyo zai yi in wanda ke sama da shi a sayit ya san duk wannan sarai amma ya ce a yi akasinsa.

Ni wajen Mando aka tura ni, daɓen wani babban sito ake zubawa, kuma tsakiyar hunturu ne. Duk ɗan Kaduna ya san iskar Disamba, wadda kafin ka ƙarasa masallaci alwalarka ta bushe, leɓe ya tsage. To ita wannan iskar haka take zuƙe ruwan saman kankare tun bai gama kamawa ba. Foman ɗinmu ya tsaya a bakin mikisa da kansa yana ƙirga, ni kuma ina gefe ina ƙirgawa a zuciya, yashi shida tsakuwa goma a buhu ɗaya. Da kwaɓin ya fito da kauri bai kwanta ba sai ya ce a ƙara ruwa, aka ƙara, ya ce a ƙara dai, har abin ya koma kamar kunun da aka tsinka. Leburori sun ji daɗi don ba wahalar ja da shebur, shi ma ya ji daɗi don ba sai an tayar da baibireta, injin da ke girgiza kwaɓi ya zauna, an ƙona mai ba, kuma za a tashi kafin la'asar. Amma duk ruwan da ya wuce abin da siminti ke buƙata, in ya fita 'yan ramuka yake bari a ciki waɗanda ido ba ya gani, ƙarfin ya tafi ke nan. Inda ragowar buhunan suka je ba zan rantse ba, na dai ga Keke ya shigo dab da magariba ya fita da nauyi, kuma kowa ya san tun farkon 2024 da buhu ya haura dubu goma siminti ya zama abin da ake sa wa ido.

Gyaran sama ni aka ba, saboda ko a makaranta an san hannuna a cokali, ba yabon kai ba. An ja renji, wato dogon miƙaƙƙen ma'aunin da ake baje saman da shi, an daidaita, sai ruwa ya taso ya kwanta a sama yana ƙyalli. Ƙa'ida ita ce ka jira, sai ƙyallin nan ya janye, ka taka ka ga sawunka ya ɗan fito kaɗan bai nutse ba, sannan ka bi da katakon gogewa, can daga baya ka sa cokalin ƙarfe. Foman ya ce in hau yanzu. Na ce ranka ya daɗe ruwan bai janye ba tukuna, a ɗan ba shi lokaci. Wallahi da ladabi na faɗa, muryata ma a ƙasa. Ya juyo gaban leburori da masu kawo yashi ya ce tun kafin a haife ni yake zuba dekin, in boko na zo yi in koma aji, nan wurin aiki ne. Ya sa aka farke buhu aka barbaɗa busasshen siminti a kan ruwan, ya ce goge. Na goge. Kuma abin da ya fi ci min rai shi ne daɓen ya yi kyau a ranar, sumul yana sheƙi, har mai gadi ya zo yana cewa sannu da aiki, alhali na san ɓawo ne kawai na shafa a sama wanda bai kama da na ƙasa ba.

Da za mu tashi na sake zuwa na ce Oga ko za a rufe da leda ko buhun algarara a jiƙa, iskar nan ba za ta bar shi ba. Ya ce kuɗin ruwa ba ya cikin lissafi. Ranar Juma'a ce. Asabar da safe hankalina ya ƙi kwanciya, na hau mota daga Tudun Wada da kuɗin aljihuna na je, na tsayar da ɗan garuwa na sayi kura ɗaya na watsa. Kura ɗaya a daɓen sito, kafin in kai ƙarshe farkon ya bushe fari fat. Lahadi ba wanda ya leƙa.

Cikin sati saman ya yi tsaga-tsaga ko'ina, in ka ja ƙafa gari ne ke tashi. Injiniya ya zo da mai ginin, ya tsuguna ya ciro ƙusa ya karta, ƙusar ta shiga ba gardama. Ya ɗago ya ce wa ya yi finishin. Foman ko ƙifta ido bai yi ba ya nuna ni, ya ce yaron nan ne da aka turo mana daga makaranta, wai shi ya yi ta faɗa min in jira na ƙi, kuma wai ni ya bar wa amanar ban ruwa. Na buɗe baki zan yi magana injiniya ya ɗaga min hannu. Mutum nawa ne a wurin ranar da aka barbaɗa simintin nan, kowa ya gani da idonsa, amma ba wanda ya ce uffan. Aka riƙe ɗan kuɗin da ake ba ni na satin, foman ya kuma rubuta a logbuk ɗina, littafin rahoton horona, cewa ba na bin umarni. Ni da bin umarnin ne ya kai ni.

Akwai wani dattijo birkila da muke ce wa Baba, yana tsaye lokacin, kansa a ƙasa. Da yamma ya same ni wajen mai shayi ya zauna kusa da ni, ya ce ɗana ka yi haƙuri, ina da 'ya'ya mata a gabana kuma wannan mutumin ne ke kirana aiki. Na ji haushinsa a lokacin, har yanzu ma in na tuna ina ɗan ji, amma daga ranar ya ja ni jikinsa, kuma kusan duk abin da hannuna ya iya yau a wurinsa na samu. Baba ba ya duba agogo. Tafin hannu yake ɗorawa a kan kankare ya ɗaga ya duba, in ya fito da danshi ya ce tukuna, ya koma ya zauna a kan bulo yana jan carbi. In ana zuba fila ba baibireta, sanda yake sa a yi ta sokawa, shi kuma yana zagayawa da guduma yana ƙwanƙwasa katakon daga ƙasa zuwa sama yana saurara, wai da kunne ake gane inda kwaɓi bai cika ba, kuma in aka cire katako filarsa ba ka ganin rami ko ɗaya. Dekin da muka zuba tare daga baya, da kansa ya yi ɗan shinge da kwaɓi a gefe-gefe ya tara ruwa a kai ya kwanta, ya ce iska ta sha wannan ta bar masa kankarensa.

Sauran abubuwan a taƙaice. Yashin kogi mai kaifi ake so, ka damƙa a hannu, in ya bar maka jan laka ka ce ba ka so ko direban tifa zai yi fushi. Ka sa biskit, wato 'yan guntayen kankare masu ɗaga rodi, a ƙarƙashin rodi kar ya kwanta a kan katako, in ba haka ba tsatsa ce za ta ci shi ta fasa dekin daga ƙasa. Ka duba lambar ƙarfin siminti a jikin buhu ko 32.5 ne ko 42.5, kuma buhun da ya yi dunƙule-dunƙule ya sha danshi, ka ajiye shi. Kwaɓin da ya fara kamawa ba a tayar da shi da ruwa. Rambut da safar hannu ku saya ko da bashi ne, ɗanyen siminti cin fata yake kuma ba za ka ji ba sai dare. Damina ku tanadi leda kafin a kunna mikisa, hadarin Agusta ba ya jira.

Sai kuma wannan, wanda ba a aji na ji shi ba. Duk ranar da aka ce ku yi abin da kuka san ba daidai ba ne, ku faɗa sau ɗaya da ladabi a gaban mutane, sannan ku rubuta a littafinku, kwanan wata, kwano nawa, wa ya ce a ƙara ruwa, in da hali ku ɗau hoto da waya, kuma ku kira malamin da ya tura ku a daren ba sai abu ya lalace ba. Ni da na kai ƙorafi makaranta tambayar farko da aka yi min ita ce ina shaida.

Rubutun foman na nan a logbuk, an ce ba a gogewa, haka zan riƙa nuna shi duk inda na je neman aiki. Mutane na ta ce min in yafe, ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi, amma ban kai nan ba tukuna. Wata mai zuwa in sha Allah zan fara wani ɗan aiki a Rigachikun, daɓen shaguna ne, kuma na riga na faɗa wa mai wurin cewa kuɗin ruwan kwana bakwai yana cikin lissafina tun farko, in bai amince ba ya nemi wani. Ya amince.