Kafin a dire murhun itace, a duba me ke ƙarƙashinsa

Tunda kuɗin gas ya fi ƙarfin mutane gidaje da yawa a nan Kano sun koma itace da gawayi, har da waɗanda suka yi sabon gini suka malale tsakar gida da tayil. Sai ka ga an sayo murhun ƙarfe wajen masu walda an kawo an dire shi kan tayil ɗin haka kawai, kafin a ankara wajen ya yi baƙi ƙirin ya tsage, sannan a hau zagin mai tayil wai ya sa ɗan jabu. Wallahi sau da yawa ba ruwan bawan Allah.

Tayil in ya ɗau zafi buɗewa yake yi, ga shi an manne shi da siminti ba inda zai motsa, to ana cikin haka sai a tsiyaye ruwan shinkafa ko yarinya ta watsa ruwan sanyi za ta kashe wuta, nan take ka ji ƙas! Ga santsi kuma, duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon gidan yawa ta san yadda muciya ke tura tukunya gaba, murhu a kan abu mai sulɓi hatsari ne ba kaɗan ba. Ledar ɗaki da kafet kuwa ba ma sai na ce komai ba, rushi ɗaya ya ishe su.

Daɓen siminti ya fi tayil dama-dama amma shi ma yau da gobe sai wuta ta cinye shi, ya fara ɓamɓarewa yana gari, musamman in an hura masa wuta bai gama bushewa ba, don ruwan da ke ciki tururi yake zama ya nemi hanyar fita da ƙarfi. Bulon siminti na gini ma haka, ba don wuta aka buga shi ba.

Ni dai a ganina jan bulo, wato na laka da aka gasa, shi ne gaskiyar magana. Ya riga ya sha wuta tun wajen yinsa. Ka sa birkila ya zuba yashi kamar kaurin yatsu uku, ya daidaita da lebur, ya jera bulon a kwance ya cike tsakani da laka da aka kwaɓa da yashi maimakon siminti, in ɗaya ya fashe ka cire shi kaɗai ka sa wani. Iyayenmu da suke girki a daɓen ƙasa ba su san wannan ciwon kan ba, laka in ta tsage shafe ta kawai ake yi. In gidan haya kake kuma ba ka son rigima da mai gida, ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a yanko maka farantin ƙarfe mai kauri, amma don Allah ka ɗora shi kan bulo iska na wucewa ta ƙasa, don ƙarfe zalla miƙa zafin yake yi kai tsaye ga abin da ke ƙarƙashinsa. Tsohon silin na asbestos da wasu ke shimfiɗawa kuma a rabu da shi, ƙurarsa na lalata huhu.

Sai faɗi, nan ne ake yawan yin rowa. A Ingila inda suke saka murhun itace a falo don jin ɗumi ƙa'idar gininsu cewa ta yi daɓen ya wuce murhu da santimita 15 ta gefe, ta gaba kuma 30 in ana amfani da shi baki a buɗe, kaurin kankaren ya kai santimita 12.5 in murhun mai ƙona ƙasa ne sosai. Su fa nasu yana da ƙofa kuma gajerun faskare suke sawa. Mu namu itacen dogo ne, rabinsa a waje ana izawa a hankali, ga iskar hunturu na kwasar tartsatsi, don haka ta gaba ka bar aƙalla tsawon itacen da kuke saya, a kauda galan ɗin kananzir da tabarma daga wajen. In a fili ne kuma a ɗan ɗaga daɓen sama da tsakar gida, kada ruwan damina ya kwanta a ƙarƙashi ya jiƙa bulon.