Renon yara uku a bayan get

Duk macen da ta tashi a gidan yawa cikin birnin Katsina, sannan aure ya kai ta irin gidajen nan na sababbin unguwanni masu doguwar katanga da baƙin get, ta san cewa aikin da mata goma suke yi wa yaro ɗaya a da, yanzu mace ɗaya ke yi wa yara uku. Ni ina cikin irin matan nan. A wani lungu kusa da Gobarau na tashi, inda in ka hau soron gidanmu kana hango hasumiyar. Yanzu muna haya can wajen gari ta hanyar Dutsin-ma, ɗaki biyu da falo, ni da maigidan da yara. Babban shekararsa bakwai, Abba ake ce mashi don sunan kakansa ya ci, ni kuwa ko ba haka ba ba zan kama sunan ɗan fari ba, alkunyar nan ban ga dalilin yar da ita ba. Mai bi mashi Ummi, shekararta huɗu. Sai na goye, wanda muke ce wa Auta kafin mu ga abin da Allah zai yi.

A gidanmu na cikin gari baƙo ba ya iya gane ɗan wane ɗaki ne wane. Matan baffanninmu kowace da ɗakinta da murhunta, amma yaro in ya ji yunwa, tukunyar da ta riga sauka ita ce tasa. Jariri kuwa bai cika zama a bayan uwarsa ba: ga 'yan mata masu rububin goyo, ga kaka, ga Gwaggo da aurenta ya mutu ta dawo gida. Inna takan ce ni a bayan wata yayarmu na girma, ita nono kawai take ba ni a mayar. Fita ma sai ka ratsa zaure, inda tsoho ke zaune kan buzu, kuma ba ka isa ka wuce ba ka durƙusa ba. In ka yi rashin kunya a bakin rijiya, wadda ta gani ita za ta make ka, labarin ya riga ka isa gida, a ƙara maka wani.

Nan kuwa da an tayar da sallar asuba nake fara lissafi, kuma ruwa ne farkon lissafin. Bututun ruwan da ake turowa gari daga madatsar Ajiwa bai iso unguwarmu ba, sai rijiyar burtsatse ta masu hali da 'yan garuwa da kurarsu. Mai yara ƙanana ta san inda ruwa ke tafiya: wanka, wankin kayan makaranta, wankin nafkin in kuɗin famfas sun ƙare, sannan wanda Ummi za ta zubar tana yi wa 'yar tsanarta wanka. Kafin in dama koko in aika a sayo ƙosai, in cusa wani abu a kwandon abincin makaranta, in nemo takalmi ƙafa ɗaya da ya shige ƙarƙashin gado, mai keke Napep ya iso yana danna oda. Da wata muke biyansa, mu da wasu gidaje. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin nan bai sake tsayawa wuri ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma ɗiya gare shi. A shekarar ne kuma aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin can, mu da Jibiya da Maraɗi suke kamar bayan ɗakinmu, sai kayan masarufi suka bi sahun mai. Ni ma ina koyarwa, don haka Auta sai in kai shi gidan wata dattijuwa da ke riƙe yaran ma'aikata har azahar. Abin da Gwaggo ke yi kyauta tana yi tana tsokana, yau shi nake biya a ƙarshen wata.

Wani abu da na lura da shi, ban ji iyaye na maganarsa ba. Makarantar boko hutunta Asabar da Lahadi. Islamiyya hutunta Alhamis da Juma'a, ranar Asabar da Lahadi kuwa har da safe ake zuwa saboda hadda. Ke nan yaro ɗan shekara bakwai ba shi da yini ɗaya tak a mako da zai tashi ba inda za shi. Ya dawo boko wajen ƙarfe biyu, ya ci abinci, ya canza kaya, ƙarfe huɗu yana Islamiyya, ya dawo gab da magariba, bayan isha'i ga aikin gida da malama ta bayar, ga tilawa. Mu ma mun yi makarantar allo mun yi firamare, amma tsakanin wannan da wancan akwai fili. Mun yi carafke da 'yar gala-gala, maza na langa, da azumi ya kai goma a fita tashe. Abba bai taɓa yin langa ba sai da ya gani a cikin gari, ya tsaya yana kallon yara riƙe da ƙafa ɗaya yana tambaya ko ciwo suka ji.

Ba kuma don mugunta muke kulle su ba. Wanda ke Katsina a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, ya san yadda hantar kowace uwa ta kaɗa, ko da kuwa ɗanta na kwance gabanta. Muna ganin matan da suka baro ƙauyukan Batsari da Safana da yara a hannu suna zaune a kangaye. Cikin gari ma ga ƙauraye da masu fizgen waya. Unguwa irin tamu rabinta gine-gine ne da ba a gama ba, maƙwabcinka na jikin katanga sai ku shekara ba ka san sunansa ba, motarsa kawai ka sani. A irin wannan wuri wa zai ce wa yaro jeka waje ka yi wasa? Sai a ja get a sa sakata, yaro ya dame ka, ka miƙa mashi waya.

Wayar nan ita ce 'yar renon zamani, kuma ba zan tsaya ina zaginta ba alhali da ita nake samu in tuƙa tuwo. Sai dai na ga yadda Ummi ke zama gabanta, a kira ta sau uku ba ta ji ba. Abin da ke cetonmu, abin dariya, shi ne ɗauke wuta. In caji ya ƙare, zafi ya koro mu tsakar gida, sai in shimfiɗa tabarma in ce ga ta nan ga ta nanku. Da farko shiru suka yi, sai da na koya masu cewa ta zo mu ji ta. Yanzu su ke roƙo. Amma yaran yanzu ba sa karɓar tatsuniya yadda muka karɓa. Ran nan na gama ba su labarin yadda Gizo ya yaudari mutane ya cinye abincinsu, Abba ya ce, "Umma, to me ya sa Ƙoƙi ba ta kira 'yan sanda ba?" Na ce garinsu babu caji ofis. Ya ce ai shi ya sa.

Kada a ɗauka yabon gidan yawa nake yi ido rufe. Na san abin da na gani a can. Na san shekarar da ƙyanda ta shigo lungunmu, aka riƙa fita da 'yan ƙananan gawarwaki a tabarma, mata na cewa baƙon dauro ne, ba a yi mashi allura. Na san jariri kwana uku a ɗura mashi ruwa da dauri, wanzami ya zo ya cire beli. Uwar yaro in ƙaramar amarya ce ba ta da bakin magana a kan ɗan da ta haifa. Ni a ɗan gidan hayar nan nawa na shayar da yarana nono zalla wata shida ba wanda ya ɗura masu komai a bayan idona. Katin rigakafinsu yana cikin jakar da nake ajiye takardun makaranta: ta ranar haihuwa, ta mako 6, da 10, da 14, da ta wata 9. A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar shan-inna ta asali, mu kuwa mun tashi muna ganin yara na jan ƙafa a kowace unguwa. Da damina kuma akwai matan nan masu bi gida-gida da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata, a ba yaro maganin ranar farko a gabansu, ka ci gaba da sauran kwana biyun da kanka. Su ma get na ba su wahala. A cikin gari sallama ɗaya za su yi su tarar da yara ashirin a tsakar gida. Nan sai su yi ta bugun ƙarfe cikin rana, wasu gidajen ana jin su a ƙi buɗewa, su yi rubutunsu da alli a katanga su wuce.

Akwai kuma ribar da ban zata ba, wato uban yara. Da yake ba kowa sai mu, dole ta sa maigidan ya iya yi wa yaro wanka, ya iya jijjiga mai kuka da tsakar dare. A gidanmu na da, namiji ya ɗauki jariri ya zaga da shi gaban mutane, ai sai a sa shi a waƙa. Ranar da Hajiyarsa ta zo ta tarar da shi yana ɗaura wa Auta famfas, tsayawa ta yi bakin ƙofa tana salati.

"Kai kuma yaushe ka koma ungozoma?"

Ya ce, "Hajiya, tuwo take tuƙawa, in na bar shi kuka zai yi ta yi."

Ta ce, "To Allah ya kyauta. Ba ni mijina nan, kafin ku karya mani shi."

Ta karɓe shi, ta kwance ɗaurin ta sake, wai bai yi daidai ba. Daidai yake.

Mu matan layinmu, gida huɗu, adashi ne ya fara haɗa mu. Daga nan wata 'yar Daura a cikinmu ta kawo shawara: tunda Alhamis da Juma'a ba Islamiyya, a riƙa tara yaran a gida ɗaya bayan la'asar, wannan mako nan, wani mako can. Mai gidan ta sa ido, sauran su samu su je kasuwa ko unguwa ko su ɗan miƙe baya. Abin ya yi daɗi ƙwarai, yara suka san juna, aka fara faɗa da shiri irin na yara. Amma ba a jima ba muka ci karo da ainihin matsalar. Wani yaro ya ture ƙaramar wata, mai gidan ta tsawata mashi ta sa shi ya ba da haƙuri, ya koma gida da kuka. Washegari uwarsa ta aiko cewa ita ba a taɓa mata ɗa, in ya yi laifi a faɗa mata. A nan na gane abin da muka rasa ya wuce hannuwan da za su taya mu aiki. Izini muka rasa. Gwaggo ba ta taɓa neman izinin Inna kafin ta gyara ni ba, jini ya riga ya ba ta. Mu kuwa haya ta haɗa mu, kowa da irin tarbiyyar gidansu, sai mun zauna mun yi yarjejeniya. Muka zauna ɗin. Aka tsaya a kan cewa faɗa da baki kowa na iya yi, duka kuwa sai uwa. Ni a raina na so a ce ɗa na kowa ne a wuce wurin, amma da na tuna akwai hannun da ni ma ba zan so ya sauka a jikin Ummi ba, sai na yi shiru. Matar ba ta dawo da ɗanta ba har yau, mu uku muke yi.

Duk ranar da dama ta samu kuma nakan kwashe yarana mu shiga gari. Da mun wuce Ƙofar Ƙaura sun fara zumuɗi. A can ba na sanin inda suke har magariba, kuma hankalina kwance. Abba da sai na yi da gaske yake cin loma biyar a gida, in aka ajiye masu tuwon dawa da miyar kuka a tire ɗaya da 'yan uwansa, har side kwano yake yi, don ya ga in ya tsaya yanga ba zai tarar da komai ba. Da Sallah kawunnansu ke saɓa su a wuya su kai su Kangiwa kallon hawa, su dawo suna ba ni labarin dokin Sarki Abdulmumini da 'yan bindiga, ƙura har cikin kunne. Sukan dawo da mura wani lokaci, da wata sabuwar ashar da sai na yi mako ina kankare ta.

Yanzu rigimar da ke gabanmu ta yaye ce. Inna ta riga ta aiko cewa in lokaci ya yi a kai mata Auta, kamar yadda aka kai mu wurin kakarmu, ta dama mashi kunu ya manta da nono cikin kwana kaɗan. Ni na fi son in janye shi a hankali a gida, in fara da na rana in bar na dare, har ya cika shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata.

"Ke dai ba ki son rabuwa da shi ne," in ji ta. "Yaron da ke ganin uwarsa ai ba ya yayuwa."

Na ce, "Inna, sauron lungun nan nake ji."

Ta ce, "Ku da kuka girma a nan sauro ya cinye ku?"

Maigidan ya zare hannunsa, ya ce tsakanin ɗiya da uwarta ba ya shiga. Inda muka tsaya dai shi ne sai damina ta wuce, sanyi ya fara shigowa. Zan kai shi da gidan sauronsa da kofinsa, ya yi mako guda, ni kuma an hana ni leƙowa sai dai in kira waya bayan isha'i. Na roƙi a bar ni in zo ranar ta uku in tsaya a zaure in ji muryarsa, Inna ta ce za ta yi shawara.