Kwana ɗaya a Damagaram saboda wata Corolla

A WhatsApp na fara ganinta: Corolla fara, ƙirar 2008, tana sheƙi kamar amarya ranar buɗar kai. Dillalin ya ce 'yar Kwatano ce, wata hajiya ce ta hau ta shekara biyu kacal, daga gida sai biki. Na ɗaure kuɗina a ƙugu, na bi motar asuba daga Maraɗi.

Kusan kilomita 240 ne zuwa Damagaram. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gonaki, ba abin da ake gani sai karan gero da akuyoyi. Muka ɗan tsaya Tasawa na sha shayi, muka wuce Takeita, kafin azahar manyan duwatsun garin suka bayyana. Ɗan kabu-kabu ya kai ni Zango, garejin ƙanin mahaifiyata, wanda ya fi shekara talatin yana kwance inji. Innata ce ta matsa sai na biya ta wurinsa. Ni a raina ɓata lokaci ne.

Da la'asar dillalin ya kawo motar wani fili kusa da Kasuwar Dole. An wanke ta fes har cikin inji, a garin da mata ke bin layin ruwa da jarkoki. Kawu bai ce uffan ba. Ya ɗora tafin hannu kan bonet, ya ɗauke.

"Da zafinta," ya ce.

"Ai yanzu na tuƙo ta, Baba."

"To, a bar ta nan ta kwana. Gobe da sassafe ni zan tashe ta."

Nan fuskar dillali ta canza. Wai akwai wani ɗan Agadas da ke jira da kuɗi a hannu, in ban biya yau ba na rasa. Gabana ya faɗi, na ja Kawu gefe ina roƙonsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in da gaske akwai ɗan Agadas, me ya hana shi ɗauka tun jiya?"

Kafin magariba ya ciro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu yana bin jikin motar da shi. Ko'ina yana kamawa, sai a ƙofar baya ta dama ya zame ya faɗi ƙasa: mastik ne aka cika wurin da shi aka shafe da fenti, alamar ta taɓa shan karo. Lambobin gaban direba sun nuna kilomita 92,000, amma robar abin taka birki ta cinye har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi sulɓi kamar tsohuwar taɓarya. Ƙafa ba ta cinye roba haka a tafiyar hajiya zuwa biki.

Na kwana a Zango, barci rabi da rabi. Bayan sallar asuba, sanyi na ratsa riga, muka koma. Kawu ya murza makulli rabi bai tayar ba, yana ƙirga fitilun gargaɗi da suka kama a gaban direba. Ta inji ba ta kama ba sam, alhali a lafiyayyar mota takan kama sannan ta mutu bayan an tayar. Wani ya cire ƙwanta ke nan don kada ta tona asiri. Sai a murzawa ta uku motar ta tashi, da wata ƙara kamar ana kaɗa cokali cikin kwano, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi, wato inji na ƙona baƙin mai. Ya buɗe murfin man ya miƙo mini. Ƙarƙashinsa wani abu ne fari-fari mai kauri kamar kindirmo, ruwan lagireto kuma ya yi ƙasa.

Abin da ya ƙarasa kashe maganar takardu ne. Lambar shasi baƙaƙe da lambobi 17 ce. Kawu ya sa ni karanta ta jikin motar da ƙarfi, shi yana bin ta kartagiris, wato takardar rajistar motar, da yatsa. Biyu na ƙarshe ba su zo ɗaya ba. Takardar duwan, wato kwastan, kuwa wai tana wurin hajiya, hajiya kuma ta tafi Umra. Na tuna shingayen jandarma da ke tsakanin nan da Maraɗi, jikina ya yi sanyi.

Dillalin ya rage jikka ɗari biyu nan take, ya ƙara rage ɗari. Kawu ya goge hannunsa da tsumma ya ce masa, "Allah ya kawo kasuwa."

Da sauran lokaci kafin motar rana, sai ya zaga da ni Birni, muka bi lungunan gidajen ƙasa masu zane har ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Na ce zan ba shi ladan aikinsa, ya harare ni. Goro kawai ya karɓa, ya ce in gaishe da yayarsa. A tasha na sayi kilishi na jikka biyu, shi ne kaɗai abin da ya fita daga kuɗin motar.