Musayar bajon Disney: inda muka kai ni da yara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo, musamman iyayen da ke shirin kai yara wuraren wasan Disney a hutu mai zuwa. Ga inda aka kwana a musayar bajon da muka faro ni da 'ya'yana biyu tun da zama ya kawo mu kusa da Orlando, a jihar Florida ta Amurka. Har yanzu koyo muke, amma ido ya ɗan buɗe, kuma akwai abin da nake so ku sani kafin ku saki ko sisin kwabo.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙananan bajo ne na ƙarfe, yawancinsu ba su wuce faɗin yatsu biyu ba. A fuska akwai zanen Mickey ko Simba ko wani gini na wurin, da fenti mai sheƙi. A baya akwai tsinke da ɗan murfin roba baƙi mai siffar kan Mickey. Ana jera su a jikin wata igiya mai faɗi, a rataya a wuya. Kamfanin ya ƙaddamar da musayar a watan Oktoba na 1999 a Walt Disney World, babban wurin wasansa da ke nan Florida, lokacin bikin shiga sabon ƙarni, daga nan ta bazu zuwa Disneyland ta Kalifoniya da ta Paris da ta Hong Kong. Al'adar ta girmi Disney, don a wasannin Olamfik an daɗe ana yin ta, har Coca-Cola ta buɗe wa 'yan kallo cibiyar musayar bajo a Calgary ta Kanada a 1988.

Dokokin ba su da yawa. Cinikin ba ni gishiri in ba ka manda ne, kuɗi ba ya shiga tsakani, ɗaya ake bayarwa a karɓi ɗaya. Dole naka ya zama na ƙarfe, na Disney, mai tambarin kamfanin a baya, kuma lafiyayye. Da ma'aikatan wurin masu ɗauke da bajo ake musayar, kuma a wurin ma'aikaci guda musaya 2 kaɗai ake yi a rana. Ba a kai hannu ga igiyar wuyan mutum, roƙonsa ake ya matso da ita a duba. Ana miƙa bajo da murfinsa a jiki don kada tsinken ya soki kowa. Tun bayan korona a 2020 allunan musaya, waɗanda ake kafe bajo a jikinsu, sun yawaita a shaguna, saboda haka ko ba ku ga ma'aikaci da igiya ba, ku tambayi mai shagon ko akwai allo, sau da yawa yana bayan kanta. In kuma kun ci karo da mai koriyar igiya a nan Florida, ta yara ce 'yan shekara 3 zuwa 12, babba ba shi da rabo a ciki.

Doka guda ce ta fi tsaya mini a rai: ma'aikaci ba ya ƙin musaya. Muddin bajonka ya cika sharuɗɗa, kuma babu irinsa a igiyarsa, duk wanda ka nuna shi zai cire ya ba ka, ko da nasa ya fi naka daraja nesa ba kusa ba. Shi ya sa abin ya dace da yara, don babu tayi, babu albarka, babu wanda zai gwale su. Amma ta nan ɓarna take shigowa, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Sabon bajo guda a shagon wurin ya haura dala 10. Uwa mai yara uku ko huɗu in ta yi lissafi sai hankalinta ya tashi, ta shiga intanet, ta tarar da masu sayar da buhu guda na bajo 50 ko 100 a farashin da bai kai dala ɗaya kowane ba. Galibin irin wannan kaya jabu ne. Wasu na masana'antu ne a ƙasar Sin da aka tsame saboda aibu, maimakon a narka su aka fitar da su ta bayan fage. Wasu kuwa kwaikwayo ne tsantsa. Sai a kwaso su a zuba a alluna, a kwashe na ƙwarai. Ma'aikaci yana cikin hidimar jama'a, ba shi da lokacin bincike, zai karɓa da fara'a. Wanda aka cuta shi ne yaron da zai zo bayanka da bajon da iyayensa suka biya cikakken kuɗi, ya bayar da shi, ya tafi gida da na banza yana murna. Ni a wurina wannan algus ne, kuma ban ga yadda zan hori 'yata a kan gaskiya a gida sannan in cika mata igiya da shi a waje ba. Na san wasu za su ce ai allunan sun riga sun cika da jabu, nawa guda goma me zai ƙara? To da irin wannan lissafin suka cika tun farko.

Akwai hanyar sauƙaƙa kuɗin ba tare da ha'inci ba. Kamfanin yana sayar da kunshin masu farawa, igiya haɗe da 'yan bajo kaɗan, da kuma kati mai ɗauke da bajo da yawa ko akwati rufaffe wanda ba ka san me ke ciki ba sai ka buɗe. In ka raba kuɗin, kowane guda ya fi araha a kan sayen ɗai-ɗai. A Orlando akwai shagunan Disney's Character Warehouse da ke karyar da kayan da aka kwaso daga wuraren wasan, a can muke fara leƙawa. Kuma yaro ba ya buƙatar tuli. Biyar ko shida sun ishe shi yini guda, don kowace musaya tana mayar masa da wani a hannu.

Babban ci gaban da muka samu a 'yan watannin nan shi ne gane jabu, kuma babbar 'yata ta fi ni ido. Ga yadda take yi. Za ta ɗora bajon a tafin hannu ta ji nauyinsa, don na jabu yakan yi shafal. Sai ta bi gefensa da babban yatsa: na ƙwarai sumul yake, na jabu yana da kaifi-kaifi mai karce fata. Sai ta karkata shi wajen haske. Fentin na asali yakan kwanta daidai da layukan ƙarfen, ɗayan kuwa za ka ga ya lotsa a tsakiya, ko ƙananan ramuka, ko wani wurin da aka tsallake ba a cika ba. Launi ma yana tona asiri, an sha nuna mana Stitch, wata 'yar halitta ta fim ɗin Disney, da shuɗinsa ya koma kore-kore, ko fuskar gimbiya da ta yi rawaya. Daga nan ta juya baya. Sababbin bajo suna da zanen ƙananan kawunan Mickey jere reras, kuma a na ƙwarai zanen yana tafiya har ya faɗa bakin ƙarfen, a na jabu sau da yawa akwai ɗan layi da ya kewaye shi. Rubutun tambarin ma a duba, in ya cakuɗe ko an yi kuskuren harafi, a ajiye shi. Sai dai alama guda ba ta yanke hukunci, don tsofaffin bajo da yawa ba su da wannan zanen baya sam. Sai alamu biyu ko uku sun taru muke cewa a'a.

An fi samun jabu a cikin jerin da ake kira Hidden Mickey, masu ɗan ƙaramin kan Mickey a wani lungu na fuskar. Asalinsu an yi su ne don igiyoyin ma'aikata, ta musaya ake samunsu, shi ya sa masu kwaikwayo suka fi yi musu caa.

To in yaro ya ƙyalla ido ya ga wani a allo, ya nace shi yake so, ke kuma kin gane jabu ne fa? Abin da muka tsayar a gidanmu shi ne a bar shi ya ɗauka in ransa ya kwanta da shi, bayan an gaya masa gaskiyar abin. Amma wannan bajon ya shigo kenan, ba ya sake komawa allon kowa. Muna da ɗan gwangwani da muke tara irinsu.

Autana shekararsa shida, kuma da can ko gaisuwa sai ya ɓuya a bayan zanena. Yanzu shi ke zuwa gaban kanta da kansa, ya gaida ma'aikaciya, ya nemi izinin ganin allo, ya miƙa nasa da hannun dama kamar yadda aka koya masa, ya yi godiya. Ni ina tsaye taku biyu a baya, bakina alaikum. Nan ne wahalar take a gare mu iyaye, wallahi. Za ka ga ya cire mai tsada ya karɓo wani ɗan ƙarami saboda kawai akwai kare a jiki, zuciyarka ta ce ka hana. Maganin abin tun daga gida ake yin sa: mukan zauna da daddare a ware na ajiya da na musaya. Na ajiya suna kafe a allo a ɗakinsu, ba sa fita. Duk abin da ya hau igiya kuwa an sallama shi, zaɓi ya zama nasa.

Zaɓen jigo ma ya taimaka ƙwarai. Bajon da aka fitar tun 1999 sun kai dubbai masu yawa, wanda ya ce zai bi duka zai gaji, aljihu ma ya gaji. Yayar ta tsaya a kan Stitch, autan a kan karnuka, ni kuma gine-gine nake bi, irin su ginin nan mai siffar ƙwallo da ke Epcot, ɗaya daga cikin wuraren wasan Florida. Da jigo a hannu, duba allo ba ya cin minti biyu.

Musaya da sauran baƙi daban take. Su ba dole su yarda ba, ku ma haka. Akwai ƙwararru masu zuwa da jakunkuna cike, har ta kai a 2023 Disneyland ta Kalifoniya ta keɓe musu wuri kusa da shagon Westward Ho Trading Company ta hana su baje kaya a kujerun hutawa. A Tokyo ma an daɗe da dakatar da musayar. Da yawansu mutanen kirki ne masu son koya wa yara, amma kada a bar yaro shi kaɗai da su, musamman in yana da bajo mai ƙayyadadden adadi, wanda ake buga yawan da aka ƙera a bayansa. Na koya wa nawa su ce sun gode, wannan ba na musaya ba ne, su wuce.

Murfin roba yana saurin zamewa a cikin lilo da jiragen wasa. Akwai makullan ƙarfe masu ɗan mabuɗi da ake sayarwa, suna riƙewa gam, amma buɗe su a gaban kanta yana ɓata lokaci, don haka mu a kan wanda ba za a bayar ba kaɗai muke sa su. A zafin Florida igiya mai nauyi tana goge wuya, autan ya koma sa nasa a 'yar jaka. Jarirai da masu rarrafe kuma a nisanta su da murafun nan, abin haɗiya ne.

Wanda ke son gwaji ba sai ya sayi tikiti ba. Disney Springs, wato kasuwar Disney da ke nan Florida, kyauta ake shiga, akwai shagon Disney's Pin Traders a ciki, kuma shagunan otal-otal ɗin kamfanin ma sukan ajiye allo. A can muke yawan zuwa da yamma in rana ta yi sanyi. 'Yan uwa da ke Faransa, naku yana Marne-la-Vallée, ƙarshen layin jirgin RER A, kuma Paris tana fitar da bajon da ba a sayarwa a nan. Yayar ta ƙwallafa rai a kan Stitch ɗin can, tana ta tara 'yan kuɗinta a asusu. Kafin nan, aikin da ke gabanmu shi ne cike wani jerin karnuka da ya rage wa autan guda ɗaya, in Allah ya yarda da shi za mu fara a fita ta gaba.